KWANAN WATA A BAƘIN ALLO: ABIN DA WANI FAYIL YA KOYA MINI



Ranar da sakataren ƙungiya ya buga mini waya ya ce ni aka zaɓa in yi jawabin bana, sai da na tambaye shi ko dai ɓatan lamba ya yi. Duk wanda muka zauna aji ɗaya da shi ya san ni ba mai magana ba ne, kuma wurin zamana can baya ne kusa da taga. Ya ce babu wani ɓatan lamba, kwamiti ne ya yanke cewa kowace shekara a sami mutum ɗaya ya faɗa wa 'yan'uwa abin da yake yi a wurin aikinsa. To, ni dai ma'aikacin gwamnati ne, ina sashen kwamfuta na wata ma'aikata, kuma abin da na kawo muku yau ƙarami ne ƙwarai, wato yadda na rubuta wata 'yar kalanda wadda akawu zai riƙa zaɓen kwanan wata a cikinta. Na san wani zai ce a ransa, yanzu duk karatun jami'ar nan a kalanda ya ƙare? Ina roƙon ku yi mini haƙuri ku ji inda zancen ya taso.

DATTIJO DA TAKARDARSA

A farkon shekarar 2023 wani dattijo ya shigo ofishinmu riƙe da wata tsohuwar takarda a cikin leda. Mai kula da sito ne a ɗaya daga cikin rassanmu. An tsayar da albashinsa, an ce masa wa'adinsa ya cika. Kamar yadda ma'aikatan da ke nan suka sani, dokar aikin gwamnati ta ce mutum zai yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Takardar da ke hannunsa ita ce ta ɗaukarsa aiki, an buga ta da tafireta, kuma an rubuta sunan watan ɓaro-ɓaro: 1 ga Satumba, 1988. Ke nan sai 1 ga Satumba, 2023 zai cika shekara 35. Amma ita kwamfutarmu cewa ta yi an ɗauke shi ran 9 ga Janairu, 1988, saboda haka ta sa sunansa cikin masu tafiya kusan wata takwas kafin lokacinsa.

Da na karanta masa abin da ke cikin kwamfuta, sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, ni ban san kwamfuta ba, amma na san da damina aka ɗauke ni aiki, don ranar da na fara zuwa ruwa ya ba ni kashi a hanya. Yaushe aka taɓa yin ruwa a Janairu?"

Na sa aka ɗauko fayil ɗinsa. A wani fom na ciki an rubuta 01/09/1988. Mu a nan, bisa abin da muka gada daga Ingila, rana muke fara rubutawa, sannan wata, sannan shekara. Mutanen Amurka kuwa wata suke fara rubutawa. Akawun da ya shigar da bayanin bai yi kuskure ba, abin da ya gani ya buga. Laifin yana wurin wanda ya haɗa shafin shigar da bayanan, ya bar gurbin kwanan wata a buɗe kowa ya rubuta yadda ya ga dama, sannan ya ɗauko wani guntun manhaja da wasu suka rubuta ya ɗora masa aikin fassarawa ba tare da ya bincika halinsa ba. Jama'a, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, wannan mutum ni ne.

Abin da ya sa kuskuren ya daɗe a ɓoye shi ne, guntun manhajar nan yana da ɗan wayo. Idan ya ga 25/09 ya san babu wata na 25, sai ya ɗauki 25 a matsayin rana, ya fassara daidai. Sai lambar farko ba ta wuce 12 ba ne yake juya ta ta koma wata. Don haka mafi yawan bayanan suna daidai, ɓarnar tana kwance a tsakaninsu. Sai da aka yi wata uku ana kai da kawowa kafin a mayar wa dattijon nan da albashinsa, kuma a cikin watannin nan bashin hatsi ya ci ya ciyar da iyalinsa. Da na zauna bin sauran bayanan ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar da wata ɓarnar. Inda aka rubuta shekarar haihuwa da lamba biyu, misali 64, kwamfuta ta mayar da ita 2064, domin ƙa'idar da harshen Python ke bi a nan ita ce daga 69 zuwa 99 shekarun 1900 ne, daga 00 zuwa 68 kuwa shekarun 2000 ne. Ashe muna da ma'aikata masu furfura waɗanda a wurin kwamfuta ba a ma haife su ba tukuna.

MENE NE BAƘIN ALLO?

Na yi wa daraktanmu bayani, na nemi izinin gyara. Shawarar da na yanke ita ce a daina barin kwamfuta tana yin cinke. A nuna wa akawu kalanda, ya zaɓi rana da idonsa, a kuma rubuta masa ita da kalmomi ya tabbatar. A wayar hannu wannan ba wani aiki ba ne, an riga an yi, sai dai ka ɗauko. Amma mu ba da irin wannan fuskar muke aiki ba.

Bayananmu suna cikin babbar kwamfuta guda ɗaya a hedkwata. Rassa suna shiga cikinta ta intanet, intanet ɗin kuwa kun san halinta a ƙauye, yanzu tana nan an jima ta ɗauke. Kwamfutocin rassan ma tsofaffi ne. Saboda haka muke amfani da abin da akawunanmu suka raɗa wa suna baƙin allo. Fuska ce wadda babu hoto a cikinta, babu abin da za ka nuna da linzamin kwamfuta, haruffa ne kawai da lambobi, kuma da maɓallai ake yin komai. Amfaninsa shi ne ba ya cin data, kuma ko intanet tana rarrafe yana tafiya.

Wannan allo yana da tarihi. Girmansa na asali gurbi 80 ne a kwance, layi 24 a tsaye. Tamanin ɗin nan an gaje ta ne daga katin da ake hudawa na kamfanin IBM, wanda aka fito da shi a 1928 da gurbi 80. A 1978 kamfanin DEC na Amurka ya fito da wata na'ura mai suna VT100, allo da maɓallai kawai, wadda ake jonawa da babbar kwamfuta. Ta karɓu ƙwarai, har ya zama baƙin allon da ke cikin kwamfutocin yau kwaikwayonta yake yi, yarenta yake ji. A yaren nan, in kana so ka kai rubutu wani gurbi, ko ka juya launin harafi ya zama baƙi a kan fari, sai ka aika da wata alama ta musamman da ake kira Esc, ka bi ta da wasu haruffa. Don a rage wa masu rubuta manhaja wannan wahala, wani mai suna Ken Arnold a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley ya haɗa wasu kayan aiki da ake kira curses, kuma jikansu mai suna ncurses shi ake amfani da shi a Linux. Da shi da harshen Python na yi aikina.

LISSAFIN DA AKA KOYA MANA A NAN

Matsalar farko ita ce zanen watan kansa. Kwanakin mako bakwai ne, kowane yana cin gurbi biyu, da tazarar gurbi ɗaya a tsakani, jimla gurbi 20. Ina so kan kalandar ya fito da Hausa, sai na ce in ɗauki haruffa biyu na farkon sunan kowace rana. Nan take na ci tuntuɓe, domin Lahadi da Laraba duk da La suka fara. Harafi ɗaya kuwa ya fi muni, don Lahadi da Litinin da Laraba duk L ne, Alhamis da Asabar duk A ne. Daga ƙarshe na tsaya a kan Lh, Lt, Tl, Lr, Al, Jm, As.

Sai kuma yawan layuka. Yawancin watanni layi biyar suke ci. Amma Fabrairu mai kwana 28 in ya fara ran Lahadi, kamar na 2015, layi huɗu cif yake shiga. Wata mai kwana 31 kuwa in ya fara ran Asabar, kamar Agustan 2020, sai ya ci layi shida. Zanena na farko layi biyar na ware, sai ga 30 da 31 ga wata sun faɗa kan rubutun da ke ƙasa sun shafe shi. Tun daga nan na ware gida 42, wato shida sau bakwai, ko an cika su ko ba a cika ba, don kada akwatin ya riƙa tsalle a idon akawu in ya canja wata.

Kafin ka jera kwanaki dole ka san ranar da 1 ga wata ta faɗo. A nan ne na tuna da malaminmu na lissafi, wanda ga shi can zaune a sahun gaba, Allah ya ƙara masa lafiya. Malam, kana yawan ce mana in mun yi rabawa kada mu raina saura. A lokacin muna ganin saura ai shara ce. To, kalanda gaba ɗayanta a kan saura take tsaye. Raba 365 da 7, za ka sami mako 52, saura kwana ɗaya. Wannan kwana ɗayan shi ke sa kowace shekara kwanan wata ya gusa gaba da rana ɗaya a mako. Ranar da Nijeriya ta sami mulkin kai, 1 ga Oktoba, 1960, Asabar ce. A 1961 ta faɗo Lahadi, a 1962 Litinin, a 1963 da aka zama jamhuriya Talata. A 1964 sai ta tsallake Laraba ta faɗa Alhamis, domin Fabrairun shekarar kwana 29 ya yi. Saboda haka in ka san rana guda ɗaya tabbas, sai ka ƙirga kwanakin da ke tsakaninta da wadda kake nema, ka raba da bakwai, saurar ita za ta gaya maka. In ka ba Lahadi lamba 0, Litinin 1, har zuwa Asabar 6, to lambar ranar da wata ya fara ita ce yawan gidajen da za ka bari fanko a layin farko. Satumbar 1988 ta fara ran Alhamis, lamba 4, sai ka tsallake gida huɗu ka rubuta 1.

Shekara mai ƙarin kwana, wadda Larabawa ke kira kabisa, ita ma tana da nata tarko. Abin da muka haddace a aji shi ne duk shekara huɗu ana ƙara kwana ɗaya, tsarin da ya samo asali tun zamanin Yuliyas Kaisar na Rum. Amma zagayen duniya ga rana bai cika kwana 365 da kwata ba, ya gaza da kimanin minti 11. Minti 11 ba komai ba ne a ido, amma cikin kimanin shekara 128 sai ya taru ya zama kwana guda. Shi ya sa a 1582 Fafaroma Giregori na 13 ya yi gyara, aka kwana ran 4 ga Oktoba aka tashi ran 15, aka kuma kafa ƙa'ida cewa shekarar da ta cika ɗari ba ta samun ƙarin kwana sai in 400 ta raba ta ba saura. Ke nan 1900 ba ta da 29 ga Fabrairu, 2000 tana da shi, 2100 ba za ta samu ba. Ingila ba ta karɓi gyaran ba sai 1752, kuma duk mai kwamfuta mai Linux in ya buga cal 9 1752 zai ga daga 2 ga Satumba an tsallaka zuwa 14. Kada ku zaci ƙananan ma'aikata irina kaɗai ke faɗawa wannan rami. Manhajar Lotus 1-2-3 ta ɗauki 1900 a matsayin mai ƙarin kwana, Excel kuma ta riƙe wannan kuskure da gangan don lissafinsu ya zo ɗaya.

Ni da farko, don in nuna na iya, da kaina na rubuta duk wannan lissafi. Daga baya na gane ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Python yana da nasa lissafin kalanda wanda jama'a da yawa suka daɗe suna gwadawa. Sai na mayar da aikin kansa, nawa kuma na ajiye shi ya zama mai binciken kuskure. Na sa kwamfuta ta bi kwanaki ɗaya bayan ɗaya tun daga 1940 har 2100 tana gwada amsoshin biyu. Wuri ɗaya suka saɓa, a ƙarshen Fabrairun 2100, kuma nawa ne ya yi kuskure.

MAƁALLAI DA HAJIYA

Bayan zane sai motsi. Ranar da aka tsaya a kai ana juya launinta don ta fita daban. Kibiyar dama tana ƙara kwana ɗaya, ta hagu tana ragewa, ta ƙasa tana ƙara bakwai, ta sama tana rage bakwai, wasu maɓallai biyu kuma suna canja wata. To, in mutum yana kan 31 ga Janairu ya ce a kai shi wata na gaba, ina za a ajiye shi, tun da babu 31 ga Fabrairu? Sai a sauke shi a ranar ƙarshe ta watan. In ya sake matsawa zuwa Maris fa, a bar shi a 28 ko a mayar da shi 31? Na sa manhajar ta riƙa tuna ranar da ya taso da ita, ta mayar masa da ita duk watan da ke da ita.

Maɓallan kibiya sun ba ni wuya fiye da komai. A baƙin allo, in ka danna kibiyar sama, ba alama ɗaya ke tafiya ba, uku ne a jere, kuma ta farkonsu ita ce Esc ɗin nan. Ni kuwa na sa maɓallin Esc ya zama na fasawa. Saboda haka duk lokacin da manhaja ta ga Esc sai ta ɗan dakata ta ga ko akwai masu biyo ta. Ncurses daƙiƙa guda yake jira in ba a canja masa ba. Na ga jiran ya yi yawa, na rage shi sosai, a ofishina komai ya tafi sumul. Da aka kai wani reshe mai raunin intanet, sai alamomin uku suka riƙa isowa a rarrabe, akawu ya danna kibiya, kalanda ta ɗauka fasawa ya yi, ta rufe. Ya bugo mini waya ya ce, "Yallaɓai, kalandar nan taka gudu take yi." Dole na ƙara lokacin jiran, na kuma sa in za a fasa sai an tambayi mutum ya tabbatar.

Haruffanmu masu lanƙwasa su ma sun taɓa ni. A tsarin UTF-8 da ake ajiye rubutu da shi, harafin Turanci bayit ɗaya yake ci, amma ƙ da ɗ da ɓ biyu-biyu suke ci, alhali a allo gurbi ɗaya suke zama. A wani wuri na ƙirga bayit a maimakon haruffa, sai duk layin da ke da irin waɗannan haruffa ya karkatar da bangon akwatin.

Da na gama, na kai wa wata Hajiya da ke ofishin ajiye fayil-fayil, wadda ta fara aiki da tafireta tun ina firamare. Ina jiran yabo. Ta gwada sau biyu, ta cire tabarau ta ce, "Ɗan nan, ka zo ka rage mana sauri ne? Mutumin da aka haifa a 1964, sau nawa zan danna kafin in kai can?" Na yi lissafi a zuci, daga 2024 zuwa 1964 wata 720 ne. Kunya ta kama ni. Na yi kalanda irin ta mai neman ranar taro a mako mai zuwa, alhali aikinmu na shekarun baya ne masu nisa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Da shawararta aka gyara. Yanzu akawu yana buga lambobi kai tsaye, rana, wata, shekara mai lamba huɗu, kalanda kuwa tana bin sa tana tsallakawa zuwa inda ya nufa. A ƙasa sai a rubuta masa da kalmomi, misali "Alhamis, 1 ga Satumba, 1988", sai ya danna Enter. In ranar ɗaukar aiki ta faɗo Asabar ko Lahadi, manhaja ba ta hanawa, amma tana tambaya ko an tabbata. Da a ce wannan tambaya tana nan tun farko, da dattijon nan bai sha wahala ba, don 9 ga Janairu, 1988 Asabar ce. A cikin babbar kwamfuta kuwa tsari ɗaya tak muke ajiye kwanan wata da shi, na ƙa'idar duniya mai lamba ISO 8601, shekara a gaba, sai wata, sai rana, kamar 1988-09-01. Wani abin dariya, a 1988 ɗin aka fara fitar da wannan ƙa'ida.

INDA KWAMFUTA TA TSAYA

Akwai abubuwa uku da na gane ba aikin mai rubuta manhaja ba ne ya yanke hukunci a kansu.

Na farko, wanda aka ɗauka aiki ran 29 ga Fabrairu, 1988, wadda Litinin ce, yaushe zai cika shekara 35, tun da 2023 ba ta da wannan rana? Ran 28 ga Fabrairu ko 1 ga Maris? Kwana ɗaya ne, amma haƙƙin mutum ne. Na rubuta wa magabatana na nemi su ba ni amsa a rubuce, abin da suka ce shi na sa.

Na biyu, da yawa daga cikin iyayenmu ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, shekarar kawai suka sani, ita ma ta hanyar wani abu da ya faru a garinsu. Hajiya ce ta nuna mini yawan fayil-fayil da ke cewa 1 ga Janairu, ba don an haifi masu su a ranar ba, sai don fom ya tilasta a cike gurbi. Kalandar da ta ce lalle sai ka zaɓi rana, tana koya wa akawu ƙirƙira ne. Na sa wani maɓalli da ke nuna cewa ranar nan ƙiyasi ce, don wanda zai zo bayanmu ya san bambancin abin da aka sani da abin da aka cike.

Na uku, kalandar Hijira. Wani zai ce maka an haife shi a watan Azumi ko bayan Babbar Salla, don haka na sa kwanan watan Musulunci ya riƙa fitowa a gefe. Akwai lissafin da ake yi mata: shekara kwana 354 ce ko 355, kuma a kowane zagaye na shekara 30, sha ɗaya ne masu 355. Amma mu da ganin wata muke aiki, kuma Mai Alfarma Sarkin Musulmi ne ke sanar da tsayuwarsa. Lissafi yana iya saɓa wa gani da kwana ɗaya ko biyu. Don haka a gaban kwanan watan Hijira na rubuta "kimanin", kuma ba a lissafin ritaya da shi.

ROƘONA GARE KU

Jama'a, duk manhajar nan ba ta fi 'yan shafuka ba, amma wata biyu ta ci mini, ina yi bayan an tashi daga aiki. Ban ce ta gama gyara komai ba, don har yanzu muna bin tsofaffin bayanai muna gwada su da takardun asali. Amma tun da aka fara aiki da ita, ban sake ganin sabon bayani ya shigo da rana da wata a juye ba.

Ina da roƙo uku. Na ɗaya, duk ma'aikacin da ke nan, kada ya jira sai ritaya ta matso. Ya je ya nemi a nuna masa ranar haihuwarsa da ranar ɗaukarsa aiki kamar yadda suke a kwamfuta, ya gwada da takardunsa na asali. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Iyayenmu malamai, ku wannan ya fi shafa, domin dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta mayar da wa'adin malaman makaranta shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, kuma duk inda aka fara aiki da ita sai an sake lissafin kowa. Inda ake sake lissafi kuwa, nan kuskure ke samun ƙofa.

Na biyu, duk takardar da ta shafi haƙƙin wani, ku rubuta sunan wata da kalmomi, shekara kuma da lamba huɗu. Ba ya cin ko minti ɗaya.

Na uku, ga shugabannin ƙungiya. Ɗazu na leƙa ɗakin kwamfuta na makarantarmu, na ga tsofaffin na'urori an jibge a lungu an ce sun daina amfani. Da yawansu za su iya ɗaukar Linux, wanda kyauta ne, kuma baƙin allo ya ishi yaro ya koyi rubuta manhaja. In ƙungiya ta ɗauki nauyin gyara su da samar da wuta, ni na yi alkawarin zuwa Asabar ɗaya a kowane wata in zauna da yara. Aikin farko da zan ba su shi ne kowa ya zana watan da aka haife shi, ya gano ranar da ta kama, sannan ya je gida ya tambayi mahaifiyarsa ko haka ne.

Dattijon nan ya yi ritayarsa a kan lokacinta. Ranar da ya zo sallama na sake neman gafararsa, ya ce ya yafe, ya ƙara da cewa, "Sai dai ka kula da na bayana." Wannan amana nake ƙoƙarin riƙewa.